Tumatirin Yaya da Kitsen Maƙwabta

A ƙauyenmu, wanda ke kan hanyar yashi tsakanin Attantane da Mayahi, magidanci ba ya cin tuwon dare a cikin gida. Idan an sallame magariba ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu, kowane gida ya fito da akushinsa, a zauna a ci tare. Ciyayya ke nan, kuma tana da tsari. Da farko a wanke hannu. Sannan babba ya buɗe akushi, ɗaya bayan ɗaya, ba a buɗe biyu a lokaci guda. Shi ke fara sa hannu, shi ke raba nama in akwai, ya tura wa kowa rabonsa gabansa. Kowa kuma sai ya ci daga kowane akushi. Wanda ya tsallake na wani gida ya yi magana a kan gidan ko da bai buɗe baki ba, kuma kafin gari ya waye matar da ta tuƙa tuwon ta ji labari. A ƙarshe a dafa shayi.

Tun rasuwar mahaifinmu yayana ne babba a tabarmar. A garinmu wanda ke cin tuwo a ɗaki ko marowaci ne, ko ya yi faɗa da mutane, ko ciwo ya kayar da shi. Yaya ya sha faɗin cewa gara a ɗauke shi daga kan tabarmar nan zuwa kabari da a kai masa akushi ɗaki.

Ɗan kokawa ne a ƙuruciyarsa, kuma yana alfahari da cewa allura ba ta taɓa shiga jikinsa ba. Abincinsa kitse ne, da man shanu, da yaji mai sa na kusa atishawa, da kofin shayi na farko, mai ɗaci. Masu zama tare da mu su ne mahauci, da ladan, da tela wanda Kirista ne, sai taubashinmu, ɗan gwaggonmu. Ni ma taubashina ne, amma ban iya wasa ba, kuma ya daɗe da fid da rai da ni. Duk ƙarfinsa a kan Yaya yake ƙarewa. Kowannensu na kiran ɗan'uwansa bawansa, kuma tun ina yaro ban taɓa jin sun gaisa ba tare da zagi ba.

Abin ya fara ne da buta. Idan mun tafi kasuwar garin Sarkin Hausa a amalanken da bijiminmu ke ja, ni da shi, sai Yaya ya ce in tsaya zai duba wata ciyawa. Ya sauka da buta, ya zaga bayan sabara, ya daɗe, ya dawo yana tsaki. Mu yi gaba kaɗan, ya sake ganin wata ciyawar. Aka yi ta haka har bijiminmu ya koya. Duk inda ya ga kurmin sabara sai ya tsaya da kansa, ya sunkuyar da kai yana jira, ko da Yaya ba ya cikin amalanken. Ranar da na ɗauko taki ni kaɗai na iso gona rana ta take, ranar na yanke shawara. Na sami Yaya a zaure na ce za mu je likita. Ya ce lafiyarsa lau. Na ce to bijimin ne ba shi da lafiya, kuma ba ni da niyyar kai shi.

Ya yarda, amma ya ce ba Mayahi ba, don can an san shi. Muka hau moto, wato babur, zuwa Tasawa.

Lokotoron, wato likitan, matashi ne. Ya yi tambayoyi, ya sa aka ɗebi jini, wanda ya kawo ƙarshen alfaharin allura. Daga nan ya sa safar hannu ya ce in fita. Ban san abin da ya faru a ciki ba sai daga baya, amma da aka kira ni na tarar da Yaya yana kallon bango kamar an rubuta masa wani abu a jiki. Lokotoro ya yi bayani da Hausa yana haɗawa da Faransanci, ni kuwa na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, don haka na bi shi. Ya ce akwai wani ƙullin nama a ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji, girmansa bai wuce ƙaramin goro ba, suna kiransa furostat. Idan shekaru sun tura yakan kumbura ya matse hanyar fitsari. Ya ce na Yaya ba mugun ba ne, na tsufa ne. Ya ba da magani, ya ce abinci ba zai maye gurbin maganin ba, amma yana iya taimakonsa, yana kuma iya yi masa zagon ƙasa.

Na riƙe maganar abincin a kaina daki-daki. Abin da za a rage: kitse, da jan nama, da yawan mai, da yaji, da shayi mai ƙarfi, musamman da yamma. Abin da za a ƙara: tumatir dafaffe, ɗanye ko busasshe, da wake, da zogale, da kabeji, da kifi in an samu, da kankana ko gwaba a lokacinsu. Ruwa a sha shi da rana, a sassauta idan rana ta faɗi. Kuma in fitsari ya zo kada a riƙe shi. Ya ce in aka yi wasa, wata rana hanyar na iya toshewa gaba ɗaya, sai an sa tiyo. Ya ɗauko tiyon ya nuna mana. Yaya ya dubi tsawonsa, ya koma kallon bango.

Muka kamo hanyar gida har muka hango rumbunan garinmu. A nan ya taɓa kafaɗata na tsai da moto.

"In wani ya ji wagga magana, daga bakinka ta hito," in ji shi. "Balle wancan bawan."

Na ce a ce hawan jini ne, ai kowa na da shi. Ya ce shi ba ya ƙarya, kuma ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba, ba zai fara da bakinsa ba. Ya ce zai bi maganar lokotoro, don ya ga tiyo, kuma ba zai bar tabarma ba. Yadda za a haɗa biyun, wannan aikina ne, tunda ni na yi lakwal.

Mataki na farko shi ne akushin gidanmu. Na yi wa matar Yaya bayani, ba ta tambayi dalili ba, don ita ke jin ƙarar ƙofa duk lokacin da ya fita. Ranar ta tuƙa tuwon hatsi, ta yi miyar tumatir da wake da zogale, man da ta sa bai cika cokali ba. Da magariba Yaya ya buɗe akushin. Mahauci ya sa yatsa yana lalube a cikin miyar, ya bi ta gefe, ya bi ta tsakiya, ya fito da ƙwayar wake ya dube ta. Tela ya ce miyar ba ta da nauyi. Taubashi ya ce a aika cikin gida a duba, wataƙila an yi musanya, awaki na can suna cin tuwonmu.

Mataki na biyu ya fi wuya, shi ne akusan sauran gidaje. Na koma zama a damar Yaya. Idan ya buɗe akushi sai ya yanki loma daga gefe, inda miya ba ta kai ba. Idan ya raba nama sai ya tura nasa tare da nawa, kamar hannu ne ya zarce. Ni kuma in cinye duka biyun da sauri. Shayi kuwa, yakan kai kofin bakinsa, ya ja iska da ƙarfi yadda kowa zai ji, sannan ya sauke hannu bayansa ya zubar a yashi. Ba a jima ba cinnaku suka gane wurin. Ladan ne ke zama a hagunsa, kuma shi suka fi so. Ya sa aka ja tabarmar gabas, suka biyo mu. Ya sa aka ja ta yamma, suka riga mu isa.

Tsarin ya yi aiki ta fannin jiki. Tumbin Yaya ya sauka, zuwa bayan sabara ya ragu, ya ce barci ya fara yi masa daɗi. Abin da ban lissafa ba shi ne mutane suna da ido. Sun ga akushin babban gida ya bushe, sun ga mai gidan yana ramewa. Suka haɗa biyun suka samu amsa: Yaya ya karye. Wasu suka ce wakensa ne ƙwari suka cinye a rumbu. Wasu suka ce asara ya yi a kasuwa yana ɓoyewa.

A garinmu ba a tambayar mutum irin Yaya ko yana da buƙata. Ta hannun mata ake bi. Matar mahauci ta shigo da ƙunshin kitse da tumbi, ta ce ragowar kasuwa ce, za ta lalace. Matar tela ta kawo kwalbar man shanu, ta ce wata Bafulatana ce ta ba su da yawa. Daga gidan ladan aka miƙo ƙashin miya ta kan katanga. Kyauta ba a mayar da ita, kuma ba a zubar da ita. Matar Yaya ta gwada dabara sau ɗaya: ta aika da wani curin kitse gidan ladan da safe. Matar ladan ta yi ƙwalla, ta ce dubi mutanen nan, suna cikin hali amma hannunsu bai rufe ba. Ta ba matar tela ta san yadda za ta yi. Kafin la'asar kitsen ya dawo gidanmu a wani kwano daban, an ɗora masa man shanu a kai.

Kuma duk wanda ya aiko da abu, da magariba sai ya nemi abinsa a cikin akushinmu. Ranar da ba a gani ba, aka ce sayarwa muka yi don mu sayi hatsi, washegari kyautar ta ninku. Dole matar Yaya ta riƙa zubawa. Akushin da aka shirya don mai furostat ya zama wanda ya fi kowane maiƙo a garin, in ka leƙa sai ka ga fuskarka. Yaya na yankar lomarsa daga gefe, gefen ma yana ƙara ƙanƙancewa. Sauran ni ke ci.

Wuyana ya cika. Na kai wa tela wanduna ya buɗa su, shi kuma bai ga dalilin yin shiru ba. Sai lissafin gari ya canza: ƙane yana ƙiba, wa yana ramewa, ga kuma waɗanda suka lura cewa naman Yaya a gabana yake ƙarewa. Bayan azahar wata rana ladan ya ja ni bayan masallaci. Ya yi mini doguwar nasiha a kan haƙƙin babban wa, wanda ya goya ni, ya aurar da ni. Ya ce ba ya zargina da komai, amma loma tana da shaida ranar gobe. Na ce na ji, malam. Ba ni da wata amsa da aka ba ni izinin bayarwa.

Na je na sami Yaya na jera masa abin da ke akwai. Na farko, an ce ya talauce. Na biyu, an ce ni azzalumi ne. Na uku, numfashina ya fara yin sama idan na yi ruku'u. Na ce magana ɗaya daga bakinsa za ta kashe duka. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce talauci ba abin kunya ba ne, an ga manyan mutane da shi. In ci gaba da ci.

Bayan an gama ɗibar wake sai mutanen tabarma suka yi watanda, wato suka haɗa hannu suka sayi rago don a raba. Ba su nemi komai daga wurin Yaya ba, suka ce an riga an cika. Ranar Juma'a bayan la'asar aka gasa wani sashe a ƙofar gidanmu. Na zo zan zauna a wurina, ladan ya nuna mini can ƙarshen tabarma, tsakanin mahauci da tela. Taubashi ya zauna a damar Yaya. Aka kawo jelar ragon, kitse zalla, tana tsiyaya, aka ajiye a gaban Yaya, aka barbaɗe ta da yaji har ta yi ja.

Taubashi ya ce yau bawansa zai ci a gaban idonsa, kuma duk wanda ya miƙo hannu daga ƙarshen tabarma zai rasa yatsa. Ya ƙara da cewa ya gano mai ciyar da cinnaku, don haka shayi ma sai ya ga maƙoshi ya motsa.

Yaya ya dube ni. Ni ma na dube shi. Ina ganin maganar ta zo masa har baki, sai ya kalli taubashi, ya haɗiye ta, ya bi ta da kitse. Ya cinye jelar. Ya sha shayi na farko, da na biyu, da na uku, aka sake ɗora wani don murna. Mafi muni, duk idanu na kansa, kowa na jin daɗin ya ciyar da mabuƙaci, sai ya ƙi tashi da buta. Ya yi magariba da alwalar la'asar, ya dawo ya zauna. Ina hango shi yana canza zama, gumi na bin wuyansa, yana murmushi yana godiya.

Da asuba matarsa ta buga mini ƙofa. Hanya ta toshe. Na tarar da shi a durƙushe yana riƙe da mara, ba ya iya miƙewa, balle ya hau moto a kan yashi. Na ɗaura wa bijimi amalanke, muka shimfiɗa masa katifa. Ba zan iya kora in kuma riƙe shi ba, kuma mutumin da ya fara wucewa da hauya a kafaɗa taubashi ne. Ban tsaya neman izini ba, na ce ya hau ya kora mu gidan likita na Attantane.

Muna fita gari bijimin ya ga sabara ya tsaya. Taubashi ya tsawata masa, ya yi gaba. Ya ga wata, ya tsaya, ya sunkuyar da kai da ladabi. Hanyar kuwa sabara ce hagu da dama. Taubashi ya murɗa masa wutsiya, ya roƙe shi, ya zagi uwarsa, ya sauka ya ja shi da igiya. Yaya na nishi yana kiran sunan Allah, yana haɗawa da alkawarin kai bijimin wurin mahauci.

"Wai mi ya samu dabbar nan?" in ji taubashi. "Wa ya koya mishi wannan iskanci?"

"Ni na koya mishi," Yaya ya ce ta tsakanin haƙora. "Kora, don Allah."

Taubashi ya waiwayo ya dube shi, ya dubi butar da ke rataye a amalanke. Ya cire rawaninsa ya rufe wa bijimin ido, ya ja shi a ƙasa har muka isa.

Majo, wato babban ma'aikacin gidan likitan, ya sa tiyon. Yaya ya yi wata ajiyar zuciya da ban taɓa jin irinta ba. Majo ya tambayi abin da aka ci da abin da aka sha, na faɗa masa bi da bi. Ya ce ba tsokar nama ɗaya ce ta yi wannan ba, shayi ne a kan yaji, da kuma riƙon da ya yi na tsawon yamma. Ya ce a bar tiyon ƴan kwanaki, sannan mu koma Tasawa. Taubashi na tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai.

Yaya ya shiga ɗaki, da jakar fitsari a ƙarƙashin babbar riga, aka fara kai masa akushi. Gari ya ji, kitse ya daina zuwa. Mutane suka riƙa shigowa dubiya, suna magana ƙasa-ƙasa. Ladan ya nemi gafarata a zaure. Sai taubashi ya zo. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa a bakin gado, ya ce, "Sannu, ɗan kawu. Allah ya ƙara sauƙi." Ya ajiye ƙwaryar tumatir, ya fita da baya.

Muka koma Tasawa aka cire tiyo, hanya ta buɗe. Lokotoro ya gyara maganin, ya maimaita maganar abinci, ya ce in aka kiyaye ba ya ganin za a kai ga aiki yanzu. Na ɗauka an gama. Amma Yaya bai fito ba. Ya rage cin abinci, har waken ma. Ya kira ni ya nuna mini inda iyakar gonarmu ta tsaya ta arewa, abin da na sani tun ina yaro. Ya ce in ta Allah ta kasance, rigarsa ta sallah a ba ladan. Taubashi kuma kullum sai ya zo da tumatir da sannu.

Wata safiya bayan ya fita, Yaya ya kama hannuna.

"Ka gaya mini gaskiya. Mi lokotoro ya ce muku wanda bai ce mini ba?"

Na ce babu, a gabansa aka yi komai.

"To don mi bawan nan yake gaishe ni? Rabon da in ji ya ce ma wani sannu tun da ƙanwarmu ta kwanta ciwon ajali."

Na tuna, haka aka yi. Na rantse masa, bai yarda ba. Ya ce ni ɗan'uwa ne, dole in ɓoye.

Na sami taubashi a gonarsa. Na gaya masa cewa ladabinsa na neman kashe mana mutum, kuma ina son ya daina daga yau. Ya ce ba zai iya ba. Ya ce shi ya tura masa jelar da hannunsa, kuma ya ji ɗan kokawa yana kuka a amalanke, bakinsa ya mutu. Na ce wannan damuwarsa ce. Abin da ake buƙata shi ne zagi, da ƙarfi, a ƙofar gida, bayan magariba, yadda za a ji daga ɗaki. Ya tambaye ni me zai ce. Na ce ban taɓa shiga sana'arsa ba, ba zan fara yau ba.

Tun kwanciyar Yaya ladan ke buɗe akusa, kuma yana buɗe su yadda ya ga dama, har biyu a tare. Ranar na ce a dakata. Taubashi ya gyara murya. Farkon bai yi armashi ba, ya ce wai wasu sun ga ɗaki ya yi musu daɗi kamar masu jego. Mahauci ya yi ƴar dariya don taimako. Daga ciki shiru. Na yi masa alama ya ƙara. Ya ce shi dai yana mamakin mutumin da ya kayar da ƙartin garin Hawandawaki a dandali, sai ga abu kamar goro ya yi masa kaye ɗaya. A nan bakinsa ya farfaɗo. Ya miƙe tsaye. Ya ce garin nan ya daɗe ba shi da sarauta, don haka ya yanke shawarar naɗa bawansa Sarkin Buta, za a yi masa rawani da tiyo, a yi masa gandu na tumatir, kuma duk wata sabara daga nan har Sarkin Hausa ta zama ƙasarsa tunda ya riga ya shayar da ita. Tela ya kife a kan tabarma. Ladan yana cewa a bari, a bari, yana share hawaye.

Sai muka ji jan takalmi a zaure. Yaya ya fito, hularsa a karkace, rigar ta yi masa yawa. Ya tsaya ya dubi taubashi tun daga sama har ƙasa.

"Kai da jaki ya kayar ranar ɗaurin aurenka, gaban surukanka, kai ne mai maganar kaye? Kauce daga wurina, bawa."

Taubashi ya matsa. Yaya ya zauna, ya wanke hannu, ya jawo akushin farko. Kafin ya buɗe ya yi magana gajera. Ya ce tunda kowa ya ji, to ga doka. Zai sa hannu a kowane akushi, loma ɗaya daga gefe, kuma a gaya wa mata wannan lomar cikakken ci ce. Nama zai raba, rabonsa ya riƙa zagayawa, yau wannan gobe wancan, ban da ƙanensa, wanda ya ci na shekaru. Shi za a riƙa fito masa da ƙaramin kwanonsa na wake da tumatir da zogale. Shayi a tsallake shi. Wanda kuma ya sake aiko masa da kitse, zai ɗauka nemansa yake da sharri. Mahauci ya ce to kifi fa. Yaya ya ce kifi ba sana'ar mahauci ba ce, ya kama bakinsa.

Haka ake yi har yau. Yana shan maganinsa, muna komawa Tasawa idan lokacin dubawa ya yi, tiyo bai sake shiga gidanmu ba. Tela ya fara sa hannu a kwanon waken, ya ce yana yi masa daɗin ciki, har matar Yaya ta canza kwano babba. Idan fitsari ya zo ana tsakiyar ci, Yaya yakan tashi a gaban kowa ya ɗauki buta, taubashi ya ce a gyara hanya, Sarki zai zaga ƙasa. Yaya ba ya waiwayowa. Idan ya dawo sai ya miƙa masa butar ya ce bawa ya cika ta. Taubashi yakan yi gunaguni, ya tashi ya nufi randa.